Rabin Mililita

Bilbes, 9 ga Janairu, 1995

Zuwa ga Yaya Wagdi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Lawura da yaronku. Mu nan sai godiya. Mama dai ƙafar nan ce, tunda sanyi ya shigo ba ta hawa bene, a zaune take salla. Ƙanena Ragab yana can makaranta yana fama da koyar da 'yan aji shida.

Kada ka tsaya neman wace ce. Afaf ce, jikar Nabawiya ƙanwar kakanka, ni ce na yi jinyar mahaifiyarka Gwaggo Sakina, Allah ya ji ƙanta. A bayan ambulan ɗin da ka aiko lokacin rasuwar na samo adireshinka.

Wata buƙata ce ta sa na ɗauki biro. Shekarata goma sha ɗaya a masana'antar magunguna ta Haji Abdussattar da ke garin Ashir, bara kuma aka ba ni shugabancin ɗakin ɗura magani a kwalabe. Yanzu an amince mana mu yi wani magani na jarirai bakwaini, ruwa ne garai, ana ɗiga musu a baki, kowace kwalba shan lokaci guda ce. Abin da za a zuba a kowace kwalba mililita 0.5 ne. In ya gaza bai yi aiki ba, in ya wuce ya yi wa jariri yawa. Tsohon injinmu na maganin tari ne, shi ludayi ya sani, ba ɗigo ba.

Famfo iri uku aka kawo mana takardunsu. Akwai mai matse tiyon roba yana tura ruwan, akwai mai fistin na ƙarfe, wato sandar da ke zuƙo ruwa ta tura shi, akwai mai fistin na tangaran. Manajanmu, Ustaz Fikri, ya kafe a kan mai tiyo, saboda dillalin abokinsa ne tun suna makaranta a Iskandariya. Na ce masa tiyo yana gajiya, in ya yi laushi awon ya sauka. Sai ya dubi Haji yana dariya, ya ce, "Daktora ta zama injiniya, ranka ya daɗe. Gobe sai mu ba ta sifana." Kowa ya yi dariya, har mai kawo shayi.

An ce mini aikinka ke nan a Italiya, ƙera injinan ɗura magani. Don Allah ka gaya mini wanne zan tsaya a kai, da dalilin da zan faɗa a gaban mutanen nan. Ta gidan waya za ka amsa, don na'urar fakis ɗinmu a ofishin Fikri take.

Mama tana gaishe ka, ta ce ko ka manta ɗanɗanon miyar lalo da zomo.

'Yar uwarka,
Afaf


Boloniya, 20 ga Fabrairu, 1995

Ƙanwata Daktora Afaf,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Muna lafiya, sai dai azumi a garin da ba ka jin kiran salla wani abu ne daban. Ki gaishe da Hajiya, ki ce ban manta ba, Lawura ce dai ta gwada sau ɗaya muka yafe wa juna. Allah ya saka miki da abin da kika yi wa mahaifiyata. Aiki ne ya riƙe ni a lokacin, kin san halin Turawa.

A cikin jirgin ƙasa na karanta wasiƙarki, na yi ta dariyar manajan nan naku. Kina da gaskiya. Mai tiyo yana da daɗin wanki, tunda maganin ba abin da yake taɓawa sai tiyon, amma kowane wuni sai an sake daidaita shi, kuma in tiyon da kuke samu a Masar ne, ba na ba ki tabbas. Mai fistin na ƙarfe yana da zoben roba a ciki, zoben yana cinyewa, ɓarɓashinsa ya shiga maganin jarirai. Wannan ma ki bar shi.

Ki tsaya a kan na tangaran. Ba shi da zobe, ba shi da murfin da zai maƙale, fistin ne kawai yake juyawa yana sama da ƙasa, an goge shi har ruwa ba ya samun hanyar tsiyaya. Abu biyu yake gudu: faɗuwa ƙasa, da a bar magani ya bushe a cikinsa. Kamfaninmu yana ƙera shi, amma ba don haka na ce ba. Ki nemi wakilinmu a Alƙahira, ki ce lamba huɗu kike so. Zai ba ki biyar ɗinki cif-cif daga safe har yamma, ki sa a sikeli ki gani. In na yi ƙarya ki cire ni daga dangi.

Ki tsaya da ƙafarki a gabansu. Jinin Nabawiya ba ya jin tsoron mai gashin baki.

Yayanki,
Wagdi


Bilbes, 6 ga Afrilu, 1995

Yaya Wagdi,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi salla lafiya, Mama ta ɗan samu sauƙi, har ta fita ƙofar gida ta sha rana.

Na yi nasara! Na shiga ofishin Haji na jera masa maganarka tiryan-tiryan, zobe da ɓarɓashi da tiyo mai gajiya. Fikri ya ce, "Wa ya karanta miki wannan?" Na ce wani ƙwararre ne a Italiya. Ban ce ɗan uwana ba ne, don na san bakinsu. Haji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Daktora, in na bi taki, wuyanki ne." Na ce na yarda, wuyana ne. Fikri kuwa ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

An aika wa wakilinku, lamba huɗu kamar yadda ka ce. Ya ce sai Yuli.

Abin da ya ba ni dariya, yadda ka ce "biyar ɗinki". Haka 'yan matan ɗakina suke kiran maganin, wai "biyar", don sun gaji da faɗin sifili da ɗigo. Ashe har a Italiya haka kuke gajarta shi.

Ragab yana gaishe ka. Zan aiko maka da mangwaro in na samu mai tahowa.

Afaf


Bilbes, 21 ga Agusta, 1995

Yaya Wagdi,

Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Wannan ce wasiƙata ta uku tun da injin ya iso. Na rubuta ran sha biyu ga Yuli, na sake rubutawa ran talatin. Na je ofishin tarho na buga kamfaninku, wata mata ta ɗauka ta yi ta magana da Italiyanci, sunanka kawai na gane, sai ta ajiye. Mama tana nan yadda ka sani. Ni ce dai ba na cin abinci.

Bari in maimaita, ko waɗancan sun ɓata a hanya. Yaron wakilinku ya zo ya kafa injin cikin kwana biyu. Da na gaya masa awon, ya murɗa ma'aunin fistin har ƙarshe, ya ce, "Zai yi, Daktora, a hankali zai zauna." Ya sha shayi ya koma Alƙahira.

Bai zauna ba. In na ɗora kwalba goma a sikeli, uku daidai, huɗu sun gaza, uku sun wuce. Na ce iska ce a cikin bututu, muka fitar da iska. Na ce gudu ne, muka rage gudun har 'yan matan suna gyangyaɗi. Na wanke fistin da hannuna, na duba shi a hasken taga ko ya tsage. Lafiyarsa ƙalau.

Haji kuwa ya riga ya yi wa asibitoci alkawari. Kullum sai Fikri ya leƙo ta gilashi ya ce, "Yaya ƙwararren Italiya? Ya tashi daga barci?" Wata safiya na ɗebi kwalba ashirin, duk suka faɗa cikin iyaka, wasu a bakin iyakar. Na san ya kamata in ƙara ɗiba. Ban ƙara ba. Na tuna ka ce cif-cif, na ce wa kaina injin ya zauna ke nan. Na sa hannu, kaya suka fita.

Kwana tara bayan haka wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Zagazig ta jera kwalaben a kan tire, ta ga wannan ya kai nan, wancan bai kai ba. Da ido kawai ta gani, Yaya. Ta kai wa likita, likita ya kira hukuma. An dawo da kayan gaba ɗaya, an rufe ɗakina da jan kakin hukuma a ranar da ake rabon alewar Maulidi. Akwai jaririya ɗaya da ta yi kwana biyu tana amai. Sun ce ba a tabbatar maganinmu ne ba. Ta warke. Amma ni na san wace kwalba nake gani in na rufe ido.

Ban zo da zargi ba. Tambaya nake: me ke damun famfon nan? Haji ya ba ni zuwa ƙarshen Satumba in kawo bayani. In akwai abin da na yi ba daidai ba ka faɗa, ba zan ji haushi ba. Ka dai amsa, ko da layi biyu ne.

Afaf


Boloniya, 3 ga Oktoba, 1995

Ƙanwata Afaf,

Ina fatan wannan ta same ki cikin sauƙi, ke da Hajiya da Ragab. Wallahi ban san komai ba sai shekaranjiya. Mako goma na yi a Foland muna kafa injina. Lawura ba ta karanta Larabci, ta ɗauka gaisuwar dangi ce, ta tara mini wasiƙun a aljihun tebur.

Da na karanta ta Agusta sai na ga kin ce an murɗa ma'auni har ƙarshe. Na tashi na nemo wasiƙarki ta farko. Afaf, da lambobinmu na Larabci kika rubuta awon, sifilinmu kuwa kin san ɗigo ne kawai. Ɗigon nan da waƙafin da ke bayansa sun faɗa daidai kan ninkin takardar. Ni biyar na gani. Mililita biyar na zaɓa miki famfo, ba rabin mililita ba. Sai da na shimfiɗa takardar a ƙarƙashin fitila na ga ɗigon.

Lamba huɗu daga mililita biyu zuwa goma aka yi shi. In aka ce ya ba da rabi, fistin ɗin da ƙyar yake motsawa, kuskuren da ba ya komai a cikin biyar sai ya zama babba a cikin rabi. Famfon ba shi da laifi. Ƙaramin fistin ake sa masa, lamba ɗaya, aikin awa guda ne.

Na san kuskurena ne. Amma ke ma, don Allah, abu mai muhimmanci haka, me ya hana ki rubuta shi da kalmomi? Kuma takardar da ke zuwa da injin ta faɗi iyakarsa a shafi na uku. Ba wanda ya karanta a cikinku? Na san da Italiyanci da Jamusanci take, amma lamba ai lamba ce. Shi kuma yaron wakilin, zan yi maganarsa a nan.

Wasiƙarki ta Afrilu ma na sake dubawa, inda kika ce 'yan matanki suna gajarta sunan. Gaskiya a lokacin farkonta na karanta, na ga kin ce kin yi nasara, na ji daɗi na ajiye.

Kada ki damu, na riga na gyara. Jiya na tura wa Haji Abdussattar fakis a kan takardar kamfaninmu. Na gaya masa ni ɗan uwanki ne, ni na ba ki shawarar, ni na karanta lambar ba daidai ba, ke ba ki da laifi. Na ce za mu aiko da ƙaramin fistin kyauta. Namiji in ya ga namiji ya amsa laifinsa, zai sauko. Ki sa ido, za ki ga ya kira ki.

Yayanki,
Wagdi


Bilbes, 17 ga Disamba, 1995

Babban Injiniya Wagdi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mama ta daina saukowa daga gado sai da taimako. Ragab ya ƙara ɗaukar darasin yamma. Ina fatan iyalinka suna lafiya.

Na daɗe ban amsa ba, don sau huɗu ina farawa ina yagawa.

Ka ce Haji zai kira ni. Ya kira ni kuwa, tun kafin wasiƙarka ta iso, shi ya sa na shiga ofishin ban san me ke jirana ba. Na gaya maka tun a wasiƙar farko cewa na'urar fakis a ofishin Fikri take. Wataƙila wannan layin ma kan ninki ya faɗa.

Fikri ne ya riƙe takardar. A tsaye ya karanta ta, a hankali, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Da ya zo wurin "ni ɗan uwanta ne" sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe ƙwararren Italiya ɗan gida ne. Kuma duba tambarin da ke sama. Kamfanin da ya sayar mana da injin."

Na ce, "Haji, shawara kawai na nema."

Haji ya ce, "Na tambaye ki a ɗakin nan, ko Fikri ya tambaye ki. Kika ce wani ƙwararre. Me ya sa ba ki ce ɗan uwana ba?"

Na ce, "Don na san abin da za a ce."

Fikri ya ce, "To ga shi an ce."

Kafin fakis ɗinka, ni ma'aikaciya ce da ta yi kuskure. Haji ya riga ya gaya wa akawunsa zai mayar da ni ɗakin gwaji har ƙura ta lafa, shekara ɗaya ko biyu. Bayan fakis ɗinka, na zama matar da ta kawo wa danginta ciniki da maganin jarirai. Ba wanda ya furta kalmar a gabana, amma kafin azahar har masu gadi sun ji. Haji bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Daktora, ke kika ce wuyanki ne." Na cire farar rigata na ninke, na ajiye a kan kujera. 'Yan matan ɗakina suna kallo ta gilashi, ba wadda ta fito. Ban ga laifinsu ba, suna da yara.

Ka tambaye ni me ya hana in rubuta da kalmomi. Ka yi gaskiya. Shafi na uku ma ka yi gaskiya, na buɗe shi na ga lambobin, na ce Yaya Wagdi ya fi takarda sani. Sa hannun da na yi kuma nawa ne ni kaɗai, ba zan ɗora maka ba, har gaban Allah ni zan amsa shi. Amma ni ma ina da tambaya. Na rubuta maka cewa jarirai ne bakwaini, kowace kwalba shan lokaci guda ce. Kai da ka shekara ashirin a wannan aiki, wane bakwaini ne ake ɗura wa mililita biyar a baki lokaci guda? Da ka tsaya minti ɗaya, da ka ce a'a, bari in tambaye ta. Ba ka tsaya ba, saboda a jirgi kake, kuma wasiƙar daga Bilbes take.

Wata takwas na yi ina auna wa mahaifiyarka maganin zuciya da sirinji, safe da yamma, ban taɓa kuskure ɗigo ɗaya ba. Duk wasiƙar da ka aiko sai ta sa na karanta mata sau uku, har da adireshin. In na gama ta ce, "Duba baya, ko ya ƙara wani abu." Haka muke karanta naka a nan. Ban faɗi wannan don ka biya ni ba. Na faɗa ne don ka san bambancin.

Ka ce za ka yi maganar yaron wakilin. Ka bar shi. An riga an sami wanda ya ɗauki laifin, ba a buƙatar na biyu. Kada kuma ka sake rubuta wa Haji, ko hukuma, ko kowa, don Allah. Gyaranka ya isa haka.

Na nemi aiki a masana'anta uku a Ashir. Duk sun karɓe ni da shayi, sun ce za su neme ni. Garin ƙarami ne, Fikri kuma yana da abokai. Yanzu ina tsaye a kantin maganin wani tsoho kusa da tashar mota, daga takwas zuwa huɗu. Ina sayar da maganin tari da na ciwon kai, ina yi wa tsofaffi awon jini. Mama ta ɗauka canjin wurin aiki aka yi mini don in kusanci gida, har tana sa wa Haji albarka. Ban gyara mata ba.

Ƙaramin fistin ɗinka ya iso, an gaya mini. Wanda aka ba kujerata, Sabri, ni na koya masa riƙe sikeli. Ya sa shi cikin awa guda kamar yadda ka ce. Hukuma ta zo ta gwada, ta cire kakinta. Fikri yana gaya wa baƙi cewa shi ya dage a sayi na tangaran.

Ran Talata aka kawo mana kwali biyu na maganin a kantin. Wani mutum ya shigo da takardar likita, matarsa ta haihu wata bakwai. Na ce ya ɗan jira. Na buɗe kwalin, na jera kwalaben goma a kan kanta, na sunkuya na dube su a hasken ƙofa. Tsohon ya ce, "Daktora, me kike nema? Mutum na jira."

Duk kansu ɗaya, Yaya. Ko gashi babu tsakaninsu. Famfon mai kyau ne, ka yi gaskiya.

Na mayar da su cikin kwalin, na nuna wa mutumin yadda zai ɗiga, na ce Allah ya raya.

Afaf